Faɗi Abin Da Kike Gani

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau bakina cike yake. Ga wanda bai san ni ba, Auta ake ce mini a gida. Ina zama a teburin karɓar baƙi na wani ƙaramin asibitin haihuwa, ina rubuta sunayen masu ciki ina nuna musu benci. Shekara shida ke nan ina tuƙi. Tun da Baba ya rasu ya bar farar motarsa, ni ke kai Umma kasuwa, ni ke kai ta gaisuwa, ko ƙwarzane ban taɓa yi wa motar nan ba.

To asibitinmu ya sayi sabuwar motar ɗaukar marasa lafiya. Shugabarmu ta ce mace take so ta riƙe ta, don mai naƙuda ta fi sakin jiki idan 'yar uwarta ce a gaba. Tun ba ta rufe baki ba na ɗaga hannu. Ta ce sharaɗi ɗaya ne, sai na yi kwas na ƙwararrun direbobi na sati uku wajen wani malami, sannan ita da kanta ta zauna a kujerar baya ta ga kamun hannuna.

Malami? Ni? Na yi tsaki a zuci. Wa zai koya wa kifi iyo?

Wannan ke nan. Sai kuma maganar Mai Turare.

Mai Turare shago gare shi a bakin babban titi, kwalabe jere har rufi. Wata takwas yana zuwa gidanmu. Ƙamshinsa ke riga shi sallama, idan ya tashi kuma kujerar falo kan kwana biyu tana ba da labarinsa. Kyanwarmu da ta ji tsayuwar motarsa sai ta shige ƙarƙashin gado tana atishawa. Umma kuwa ji take da shi kamar tsoka ɗaya a miya.

"Yaron nan me ya rasa, Auta? Ga sana'a, ga ladabi, ga tsafta."

"Umma, ba tsafta ba ce, feshi ne."

"Bakinki shi zai yanka miki wuya. Na ba ki sati uku. Ranar Asabar ta ƙarshe zai zo, ki ba shi amsa a gabana. Na gaji da tambayar da dangi ke yi mini."

Gaskiya ban ƙi shi ba, kada in yi muku ƙarya. Yana da dariya mai daɗi, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Abu ɗaya na gindaya masa, aikin motar asibitin nan ba zan bar shi don aure ba. Ga amsar da ya turo mini ta waya, har yau ban goge ba:

"Gimbiya, ni ne na farko a masu goyon bayanki. Ko jirgi za ki tuƙa, ni zan riƙe miki tsani."

Na karanta sau uku ina murmushi ni kaɗai kamar wata sakarai.

Ranar farko na ci ado, don in nuna wa malamin ba 'yar koyo aka turo masa ba. Doguwar riga shuɗiya mai ɗinkin zare a wuya, mayafi ruwan toka, tabarau baƙi, da takalmina mai tsini wanda ke sa ni tafiya kamar barewa. An ce in same shi a bayan wani gidan mai. Ina isa na duba ban ga ofis ba, ban ga allo ba. Sai wata tsohuwar mota koriya a gindin bishiya, gajera, mai kumburarren baya kamar kunkuru. Wani dattijo na zaune a ciki ƙofa a buɗe, yana shan shayi a murfin fulas.

Siriri ne kamar sandar rake. Kunnuwansa manya, sun buɗe gefe da gefe, sai ka ce su ma madubin mota ne aka ɗaura masa. Daga baya na ji ashe duk direbobin wurin Malam Madubi suke ce masa. Shekara talatin ya yi yana jan motar asibiti kafin ya ajiye.

"Baba, ina ofishin malamin tuƙi?"

Ya daki kujerar da ke gefensa. "Ga shi nan. Nan nake karɓar baƙi. Manya a gaba, masu kunya a baya. Ke ce Direba?"

Na leƙa ciki. Kujeru sun sha faci, sitiyari an naɗe shi da igiya. Na ja da baya.

"A tawa za mu yi, Baba. Wannan ko kyauta aka ba ni sai na nemi lada."

Bai ji haushi ba. Ya rufe fulas, ya shafa kan motar kamar mai lallashin jaki, ya ce mata, "Yi haƙuri, ba ta san ki ba ne."

Na ce a raina, shi ke nan, an haɗa ni da mai taɓin hankali.

Ya karɓi lasisina ya juya gaba da baya. Ya sa na cire tabarau na karanta lambar wata mota da ke can nesa. Ya zagaya farar motarmu yana danna kowace taya da babban yatsa, yana sunkuyawa yana leƙa ƙarƙashi kamar likita mai duba mara. Sannan ya kalli ƙafata.

"Wannan takalmin biki za shi ko asibiti?"

"Da shi nake tuƙi shekara shida."

"Allah ya tsare ki shekara shida, to kada ki gajiyar da mala'iku."

Ya buɗe but ɗin kunkurunsa ya ɗauko wani takalmin roba shimfiɗaɗɗe, baƙi, mummuna. Ku yi tunanin doguwar rigata a kan wannan abin. Na saka ina jin kamar in yi kuka.

"To, tuƙa. Duk inda kike so. Ni ba na nan."

Na tuƙa kuwa. Na shiga shataletale da hannu ɗaya, na wuce manyan motoci biyu, na yi kwana kamar ana zana ta da alƙalami. Minti arba'in bai ce uffan ba. Hannuwansa na kan gwiwa, idonsa rabi a rufe, har na ɗauka barci ya yi. Da muka dawo gindin bishiyar na kashe mota na juyo ina jiran yabo.

"Sau uku kika duba madubi," ya ce. "Biyu daga ciki mayafinki kika gyara."

Na buɗe baki, ya ci gaba.

"Kin iya jan mota, Direba. Tuƙi ne ba ki iya ba. Idonki a kan bayan motar gabanki yake, kamar tunkiya mai bin 'yar uwarta. Mai naƙuda a bayanki ba ta son birkin gaggawa. Wanda ya hango tun daga nesa ba ya gaggawa."

Daga nan ya kawo mini tsarinsa, wanda na tsana fiye da takalmin. Wai muddin ina tuƙi bakina ba zai yi shiru ba. Abu uku zan riƙa faɗa da ƙarfi: abin da nake gani, abin da ka iya faruwa, da abin da zan yi.

"Kamar mahaukaciya ke nan, in riƙa surutu ni kaɗai?"

"Ido makaryaci ne, yakan ce ya gani alhali kallo kawai ya yi. Idan baki ya faɗa, to an gani. Bismillah."

Na ja mota cike da gatse. "Ina ganin titi. Ina ganin sama. Ina ganin wani tsoho da ya hana ni sakat."

"Madalla. Me ka iya faruwa?"

"In sauke shi a nan."

"Me za ki yi?"

Kafin in ƙirƙiro wani gatsen, ya nuna gaba da yatsa.

"To rage gudu kafin ki yanke shawara, ga ƙafafu can ƙarƙashin bas."

Na duba. Wata bas na tsaye a gefen titi, ta ƙarƙashinta kuwa ga ƙafafu biyu cikin silifa suna tahowa. Ina ɗaga ƙafa daga totur wata mata ta ɓullo da kwando a ka, ko waiwaye ba ta yi ba. Da ban rage ba, da yanzu wani labarin nake ba ku. Na ce, "Ai na gan ta."

"Bakinki bai gan ta ba."

Haka muka yi ta yi, kwana bayan kwana. Mutumin nan titi yake karantawa kamar wasiƙa. Idan tsuntsaye suka tashi fir a bayan kwana, ya ce wani abu na tahowa. Idan ya ga sawun taya jiƙaƙƙe a busasshiyar kwalta, ya ce akwai ruwa a gaba. Ƙwallo idan ta gangaro titi, wai ba ta taɓa zuwa ita kaɗai, mai ita na biye. Wata rana har inuwar wata babbar mota ya nuna mini a jikin bango tun kafin motar ta fito daga lungu. Na ce masa da gidan duba ya buɗe da ya fi samun jama'a.

Karatunsa biyu ne ya fi nanatawa har suka zame mini ciwon kai. Na farko: "Kada ki yarda da sigina. Sigina alkawari ce, kowa na iya kunna ta. Ki kalli tayar gaba, inda ta karkata nan mai ita za shi." Na biyu: "Kafin birki, madubi. Ke kin ga dalilin tsayawa, na bayanki bai gani ba. Shi zai buge ki."

"Madubi, Direba." "Madubi." Har a mafarki nake jin muryar nan.

Abin haushi, surutun ya bi ni gida. Ina wanke kwanuka sai in ji kaina ina cewa, "Ina ganin kofi a bakin tebur, kyanwa na kallonsa, zan matsar da shi." Umma ta tsaya a ƙofar kicin ta riƙe haɓa.

"Tsohon nan wani abu ya ba ki kika sha?"

A sati na ƙarshe, ranar Laraba, na dawo daga aiki na tarar Umma ta hargitsa falo. An ɗaga matasan kujera, an zazzage jaka a kan darduma.

"Auta, ba ki ga gilashina na karatu ba? Mai jan gida?"

"Ina kika je da shi?"

"Ina kuwa zan je? Ina gidan nan tun safe."

Ta faɗa tana kallon labule. Na lura da takalmin fitarta a bakin ƙofa da ƙura a jiki, amma ban kawo komai a raina ba. A yammacin nan saƙon Mai Turare ya shigo:

"Gimbiya, ya karatu? Kada ki takura kanki fa. Idan abin ya yi nauyi ba abin kunya ba ne mutum ya haƙura. Ni dai ina bayanki."

Na tura masa hoton fure.

Ranar Juma'a na isa gindin bishiya na tarar Malam Madubi bai fito daga kunkurunsa ba. Yana zaune a gefen mai zaman banza, ya bar kujerar direba a buɗe.

"Yau a tawa za mu yi."

"Baba, mun yi wannan maganar."

"Motar asibiti ba ta san shagwaɓa ba. Taki ta lalata ki, da ɗan yatsa ake juya ta. Shigo."

Na shiga ina tattare riga kada ta taɓa wani abu. Kujerar ta yi ƙara kamar ta gaishe ni. Sitiyarin kuwa sai ka ce dutsen niƙa. Sau biyu tana mutuwa a hannuna kafin mu hau titi, direbobin gidan mai suna kallo suna dariya. Ni, mai shekara shida.

"Faɗi abin da kike gani."

"Ina ganin mai babur a dama, ya kunna sigina zai shiga hagu, amma tayarsa a miƙe take. Ba zai shiga ba. Zan ba shi wuri. Madubi, babu kowa. Danja a gaba ta daɗe da kore, tana iya juyawa, na ɗaga ƙafa."

"Ci gaba."

Rana ta yi zafi, gilasai a rufe don na gefena ba ya sauka. Sai wani abu ya fara shigar mini hanci. Da fari na ɗauka daga mayafina ne. Na shinshina, ba shi ba ne. Ƙamshi ne mai nauyi, mai zaƙi, irin wanda ke kwana biyu a kujera. Na yi atishawa kamar kyanwarmu.

"Bakinki ya yi shiru, Direba."

"Ina jin ƙamshin da na sani. Kuma kai ba ka shafa komai sai man zafi."

"To me ka iya faruwa?"

Na duba madubi, na kunna sigina, na gangara gefen titi na tsaya. Na miƙa hannu na buɗe aljihun gaban motar. Ga kwalba nan, doguwa mai murfin zinariya, da tambarin shagon Mai Turare a jiki. Zafi ya sa ta fara tsiyaya.

"Ya zo nan," na ce.

"Shekaranjiya. Yaro mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa. Ya ce in taimaka masa in gaya miki, a hankali yadda ba za ki ji ciwo ba, cewa aikin nan ya fi ƙarfinki. In kuma rubuta wa shugabarku haka. Wai kada a ce shi ya hana ki, gara a ce ke kika kasa."

Mai riƙe tsani ke nan.

"Me ka ce masa?"

"Na ce abin da na gani shi zan rubuta. Ya ajiye kwalbar ya fita kafin in mayar masa."

"Me ka gani?"

Ya sosa babban kunnensa. "Har shekaranjiyar dai, da na rubuta abin da yake so ma ba ƙarya na yi ba sosai."

Ku ji tsoho. Ina cikin wannan hali yake gaya mini haka. Na harare shi, ya kau da kai yana kallon wani gajimare.

"Wa ya nuna masa wurin nan? Ban taɓa gaya masa ba."

"Ni ba na faɗa wa ɗalibi abin da idonsa zai iya gani. Madubi, Direba."

Na ɗaga ido na duba. Kujerar baya, ta masu kunya. A lungun da mazauni ya haɗu da majingina wani jan abu ya leƙo. Ban buƙaci in juya ba. Ni na saya mata gidan gilashin nan da hannuna.

Ranar Asabar da la'asar ya zo. Farar riga mai sheƙi, agogo kamar faranti, takalmi ana ganin fuska a ciki. Kyanwa ta gudu. Umma ta shimfiɗa sabon ledar tebur, ta fito da kofunan da ba a taɓawa sai an yi babban baƙo. Ni kuwa na fito da rigar gida, da baƙin takalmin roba a ƙafata. Umma ta kalli ƙafar ta cije leɓe. Na zauna, na ajiye makullin mota da wayata a kan tebur kamar yadda na saba.

"To, Auta," in ji Umma, "muna saurare."

"Gimbiya, kada ki ji nauyi," ya ce yana murmushin nan nasa. "Duk abin da kike so shi nake so."

Na buɗe jaka na fito da kwalbar na dasa ta a tsakiyar tebur. Na fito da jan gidan gilashi na ajiye kusa da ita.

"Ga abin da nake gani," na ce. "Ina ganin mutum ya kunna sigina dama, tayarsa ta karkata hagu."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar an manta da shi a wurin.

"Gimbiya, bari in yi miki bayani. Don lafiyarki na yi. Mace da jiniya a titi, mutane me za su ce? Ni mai shago ne, ana sanina."

"Ga abin da ka iya faruwa. In aure ka, duk abin da ba ka so in yi, ba za ka taɓa ce mini a'a ba. Za ka kai wa wani kwalba ne ya ce mini, kai kuma ka zo da hankici kana share mini hawaye. Da ka dube ni ka ce ba ka so, wallahi da na ga girmanka, ko da mun yi faɗa."

"Auta," Umma ta ce a hankali.

"Ga abin da zan yi. Ɗauki turarenka, Malam ya ce a gode maka, ba ya shafawa. Amsata a'a ce."

Ya dubi Umma, Umma ba ta dube shi ba. Ya miƙe, ya ɗauki kwalbar, ta tsiyaye masa a farar riga. Ko sallama bai yi ba. Na ji tashin motarsa, ya fizge ta har taya ta yi ƙara. A raina na ce, ko madubi bai duba ba.

Na jingina da kujera ina jin kaina kamar sarauniya. Na yi birki mai kyau, cif a kan layi.

Umma ta buɗe jan gidan, ta ciro gilashinta, ta goge da gefen mayafi, ta saka. Ta daɗe tana kallona ta cikinsa.

"Kin gama?"

"Na gama, Umma."

"Kin kunyata ni a gaban baƙo, a falona." Ba ta ɗaga murya ba. "Shi don mutane ya je. Ni na je ne don na riga na ba titi mutum ɗaya, ba zan ƙara masa ba."

Tun da Baba ya rasu a hanyar dawowa daga aiki, a motar haya, ba ta taɓa faɗar haka ba sai ranar. Ta miƙa hannu a nutse ta ɗauki makullin motar daga kan tebur, ta jefa cikin jakarta, ta ja zif.

"Motar nan ni ya bar wa. Jibi Litinin ce ko, ranar da shugabarku za ta zauna a baya? To mu ga bayan me za ta zauna."

Ta tashi ta shige ɗaki da jakar a hammata.

Na zauna ina kallon inda makullin yake. Sati uku ana gaya mini abu ɗaya. Na ga na gabana sarai, na taka birki, na manta da wadda ke bayana.

Wayata ta yi ƙara. Malam Madubi ne, wanda bai taɓa turo mini saƙo ba, da rubutunsa duk manyan baƙaƙe:

"NA GA KIN TAFI DA KWALBA DA GILASHI. MAI YIWUWA A KARƁE MIKI MAKULLI. LITININ ƘARFE BAKWAI ZAN TSAYA A BAKIN LAYINKU DA TAWA. KI FARA BA TA HAƘURI KAFIN KI SHIGA."

Kunkurun da na ce ko kyauta sai an ba ni lada. A cikinta shugabarmu za ta zauna, a kan faci, cikin ragowar ƙamshin Mai Turare.

Na fara rubuta masa amsa, "Wacce zan ba haƙuri, motar ko..." Ban ƙarasa ba na ga inuwa ta faɗo a bangon da ke gabana. Wannan karon na gan ta tun kafin mai ita ta iso. Umma ce tsaye a bayan kujerata, gilashi a ido, tana karanta saƙon ta saman kafaɗata.

"Ce masa ya zo da wuri," ta ce. "Kuma ya share kujerar baya da kyau. Mu biyu za mu zauna."